Rowland Hill: Malamin makarantar da ya kawo kan sarki

Duk wanda ya taɓa shiga gidan waya ya sayi kan sarki, ya liƙa a jikin ambulan, ya jefa wasiƙarsa cikin akwati, ya ci gajiyar tsarin da wani malamin makaranta ɗan Birtaniya, Sir Rowland Hill, ya yi gwagwarmayar kafawa a shekarar 1840.

Kafin zamaninsa, aika wasiƙa a Birtaniya sai mai hali. Galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biya, kuma kuɗin na ƙaruwa ne gwargwadon nisan tafiya da yawan takardun da aka rubuta.

Shi ne ya kawo shawarar a mayar da kuɗin kwabo ɗaya tak, ko'ina wasiƙar za ta a cikin ƙasar, kuma mai aikawa ya biya tun kafin ta tashi. Wannan shawara ta ɗaukaka sunansa, ta kuma jawo masa sallama daga aiki, kafin daga bisani ƙasashen duniya su rungume ta.

Haihuwa da tasowa

An haifi Rowland Hill ne ranar 3 ga watan Disamba na shekarar 1795 a garin Kidderminster da ke tsakiyar Ingila, wato kimanin shekaru takwas kafin hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu.

Mahaifinsa, Thomas Wright Hill, mutum ne mai son ilimi da muhawara, amma ba shi da sa'ar kasuwanci. A shekarar 1803 ya karɓi wata makaranta a birnin Birmingham, kuma a nan ne 'ya'yansa suka taso, suna karatu suna kuma taya shi aiki.

Gidan ya sha fama da rashi. A tarihin rayuwarsa an ambaci yadda mahaifiyarsa, Sarah, kan shiga fargaba kada mai raba wasiƙu ya ƙwanƙwasa ƙofa a ranar da babu kuɗin karɓa a gida.

Rowland ya taso ne da raunin jiki, amma da kaifin basira a fannin lissafi. Yana ɗan shekara 12 ya fara koyarwa a makarantar mahaifinsa, kuma tun bai kai shekara ashirin ba aka damƙa masa kula da kuɗin makarantar, har ya biya basussukan da ake bin gidan.

A shekarar 1819 iyalin suka koma da makarantar zuwa wani sabon gini mai suna Hazelwood a unguwar Edgbaston, wanda shi Rowland ɗin ne ya tsara fasalinsa.

Makarantar ta sha bamban da na zamaninta. An daina bulala, an ba ɗalibai damar zaɓen kwamitin da ke tsara dokoki da hukunta masu laifi a cikinsu, sannan an ba ilimin kimiyya muhimmanci. Littafin da shi da yayansa Matthew suka fitar a kan wannan tsari a 1822 ya sa sunan makarantar ya bazu, har aka riƙa kawo ɗalibai daga ƙasashen waje.

A shekarar 1827 ya auri Caroline Pearson, ya kuma koma Tottenham da ke arewacin Landan, inda ya shugabanci wani sabon reshen makarantar a gidan da ake kira Bruce Castle.

To sai dai kuma aikin koyarwa ya gajiyar da shi, lafiyarsa ta taɓu. A 1833 ya miƙa makarantar ga ƙaninsa Arthur. Daga 1835 zuwa 1839 ya riƙe muƙamin sakataren hukumar da ke tsara tsugunar da Turawa a Kudancin Ostireliya, kuma yana kan wannan aiki ne hankalinsa ya koma kan gidan waya.

Yadda tsarin yake a da

A wancan lokaci gwamnatin Birtaniya na kallon gidan waya ne a matsayin hanyar tara haraji. Domin samun kuɗin yaƙi da Faransa, an ƙara farashin wasiƙa sau da dama tsakanin 1797 da 1812, kuma bayan an gama yaƙin ba a rage ba.

Kuɗin ƙasar a lokacin shi ne irin wanda dattawa a arewacin Najeriya suka sani kafin zuwan Naira a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.

Wasiƙar da ba ta wuce mil 15 ba ana cajinta kwabo huɗu, daga nan kuɗin ya yi ta hawa. Daga Landan zuwa Edinburgh, babban birnin Sikotland, falle ɗaya na cin sule ɗaya da ahu, wato kwabo 13 da rabi, abin da ya yi kusa da ladan yini guda na lebura.

Da a ƙasar Hausa ne, wannan na nufin wasiƙar da ta tashi daga Kano zuwa Wudil kuɗinta daban, ta Birnin Kudu daban, wadda za ta kai Kwandiko a ƙasar Gwaram kuwa ta fi su duka tsada. Mutumin karkara, wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi, shi ne ya fi kowa biya.

Haka kuma kowane falle ana ƙidaya shi a matsayin wasiƙa guda. Ambulan ma falle ne, saboda haka mutane kan naɗe takardar ne su liƙe da kakin zuma. Wasu kan cika shafi da rubutu, su juya shi a karkace su sake yin wani rubutun a kan na farko. Ma'aikata kuwa kan ɗaga wasiƙa a gaban hasken kyandir domin gano yawan takardun da ke ciki.

A ɗaya ɓangaren, 'yan majalisa da manyan jami'an gwamnati na da damar aika wasiƙu kyauta ta hanyar sa hannu a bayansu. Da yawa sun riƙa rabar da wannan dama ga dangi da abokan ciniki.

Talakawa su ma suka ɓullo da nasu dabaru. Wani kan yi 'yar alama a bayan takarda, wadda ɗan'uwansa zai gani ya gane ana lafiya, sai ya mayar wa mai rabawa ya ce ba shi da kuɗin karɓa. Direbobin keken doki da fatake kuma suka riƙa ɗaukar wasiƙu a ɓoye, duk da cewa doka ta hana.

Sakamakon haka shi ne, a cikin shekaru ashirin daga 1815 zuwa 1835, yawan jama'a da harkokin ciniki sun ƙaru ƙwarai, amma ribar gidan waya ta tsaya cik a wajajen fam miliyan ɗaya da rabi a shekara.

Lissafin da ya tayar da ƙura

Rowland Hill bai taɓa aiki a gidan waya ba, kuma da ya nemi izinin ganin yadda ake gudanar da aiki a babban ofishin Landan, hana shi aka yi. Wani ɗan majalisa mai wakiltar Greenock, Robert Wallace, wanda ya daɗe yana sukar hukumar, shi ne ya tara masa rahotanni da takardun gwamnati, ya zauna ya bi su dalla-dalla.

Ya raba abin da ake kashewa a kan wasiƙa gida uku: karɓarta, ɗaukarta zuwa wani gari, da kuma kai ta hannun mai ita.

Da ya raba kuɗin keken dokin da ke zuwa Edinburgh a kan yawan wasiƙun da yake ɗauka, sai ya gano cewa ɗaukar wasiƙa guda ba ya cin fiye da kashi ɗaya cikin 36 na kwabo. Ke nan nisan tafiya, wanda a kansa aka gina farashin duka, kusan ba ya cikin abin da ke cin kuɗi.

Abin da ke cinye kuɗin shi ne wahalar da tsarin ya ɗora wa kansa. Sai akawu ya auna nisan kowace wasiƙa, ya ƙidaya fallayenta, ya rubuta kuɗinta, sannan mai rabawa ya tsaya a kowace ƙofa yana jiran a nemo kuɗi, ya ba da canji, ya dawo ya yi lissafi.

Daga nan ya yanke cewa idan nisa ba shi da tasiri, to adalci shi ne farashi ya zama ɗaya. Idan kuma aka koma awon nauyi, aka biya tun farko, to aikin akawu da jiran ƙofa duk sun kau. Ya ƙiyasta cewa in aka yi arha, wasiƙu za su ninka wajen sau biyar, gwamnati ta mayar da abin da ta rasa.

A watan Janairun 1837 ya miƙa wannan nazari ga ministan kuɗi, Thomas Spring Rice, sannan a watan Fabrairu ya buga shi a matsayin ƙasida kan gyaran gidan waya. A wannan shekarar ce Sarauniya Victoria ta hau gadon sarauta, kuma a cikinta ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu.

Ranar 13 ga watan Fabrairun 1837, a gaban wata hukumar bincike, ya yi bayanin yadda za a biya tun farko. Ban da takardun naɗe wasiƙa masu hatimi, ya kawo shawarar 'yar ƙaramar takarda mai hatimi, da danƙo a bayanta, wadda mutum zai jiƙa ya manna. Wannan ita ce ta zama kan sarki.

Adawa da goyon baya

Shugabannin gidan waya sun yi watsi da shirin. Ministan gidan waya, Lord Lichfield, ya bayyana shi a majalisar dattawa a matsayin mafarkin da ya wuce hankali. Sakataren hukumar, Kanar William Maberly, ya yi imanin cewa asara kawai za a tafka, kuma tun daga nan gaba ta shiga tsakaninsa da Hill.

Sai dai 'yan kasuwa sun ga amfaninsu a ciki. A 1838 manyan attajiran Landan suka kafa kwamitin neman rage kuɗin wasiƙa, suka ɗauki Henry Cole ya riƙa fitar da wata jarida ta musamman a kan batun. A zaman majalisa na 1839 an gabatar da takardun koke fiye da dubu biyu.

Kwamitin majalisa da Robert Wallace ya jagoranta ya amince da farashin bai ɗaya ne da ƙyar, domin sai da shi shugaban ya kaɗa ƙuri'ar raba gardama.

Siyasa ce ta ƙarasa aikin. Gwamnatin Firayim Minista Lord Melbourne na tangal-tangal, tana bukatar ƙuri'un 'yan majalisa masu ra'ayin kawo sauyi, su kuwa tsarin kwabo na cikin bukatunsu. A watan Agustan 1839 aka sa hannu a dokar, aka kuma ɗauki Hill aiki na shekaru biyu a ma'aikatar kuɗi domin ya aiwatar.

Kwabo ɗaya

An fara ne da gwaji. Daga ranar 5 ga watan Disambar 1839 aka mayar da farashin kwabo huɗu. Bayan makonni biyar, ranar 10 ga watan Janairun 1840, aka ƙaddamar da tsarin kwabo ɗaya ga wasiƙar da ba ta wuce rabin oza ba, wato kimanin giram 14. Wadda ba a biya tun farko ba, mai karɓa ya biya kwabo biyu.

A ranar ce kuma aka soke damar aika wasiƙa kyauta ga 'yan majalisa, ita ma Sarauniya ta ajiye tata. A ranar farko an aika wasiƙu kimanin 112,000 daga Landan kaɗai.

Ma'aikatar kuɗi ta shirya gasar zanen kan sarki, aka samu shawarwari kimanin 2,600, amma babu wanda aka ɗauka yadda yake. A ƙarshe aka zaɓi hoton kan Sarauniya, wanda aka kwaikwayo daga wata lambar girma da William Wyon ya sassaƙa. Dalilin shi ne ido ya fi saurin gane canji a fuskar da ya saba gani, saboda haka yin jabu zai yi wuya.

Kan sarkin farko, baƙi na kwabo ɗaya da aka sani da Penny Black, an fara sayar da shi ranar 1 ga watan Mayun 1840, ya soma aiki ranar 6 ga watan. Bayan kwana biyu aka fitar da shuɗi na kwabo biyu.

Kowane falle na ɗauke da guda 240, layi 20, kowane layi guda 12. Ke nan layi ɗaya sule ne, falle kuma fam. Da almakashi ake yankawa, domin sai a 1854 aka fara yin ƙananan hujojin da ke sauƙaƙa yagewa.

An buga fiye da miliyan 68 na baƙin, amma bai yi shekara ba aka sauya shi. Jan tawadar da ake soke shi da ita na wankuwa, mutane na sake amfani da shi. A watan Fabrairun 1841 aka koma ja, ana sokewa da baƙar tawada.

Shi Hill ya fi sa rai ne a kan wata ambulan mai zane da William Mulready ya tsara. Jama'a suka mayar da ita abin ba'a, har ala tilas aka janye ta, yayin da ɗan kan sarkin da ake mannawa ya samu karɓuwa.

Sallama da dawowa

A shekarar 1839 an aika wasiƙun da ake biya kimanin miliyan 76. A 1840 adadin ya kai miliyan 169, zuwa 1850 kuma ya doshi miliyan 350.

To amma ta fuskar kuɗi, masu adawa da shi sun samu abin faɗa. Ribar gidan waya ta faɗo daga kimanin fam miliyan ɗaya da dubu ɗari shida zuwa wajen fam dubu ɗari biyar. Ninkin da ya yi hasashe bai zo da sauri ba, kuɗin da ake biyan kamfanonin jirgin ƙasa domin ɗaukar wasiƙu kuma ya yi ta hawa. Sai da aka shafe fiye da shekaru ashirin kafin ribar ta koma yadda take.

Hill ya ɗora laifin a kan jami'an gidan waya, yana zarginsu da jan ƙafa wajen aiwatar da sauran sassan shirin. Su kuma suna ganin baƙo ne da bai san aiki ba yake neman koya musu.

Da gwamnatin 'yan mazan jiya ta Robert Peel ta hau a 1841, sai goyon bayan da yake samu ya yanke. A 1842 aka sallame shi.

Ya koma kamfanin jirgin ƙasa na Landan zuwa Brighton, inda ya zama shugaba, ya kuma ɓullo da jiragen yawon shaƙatawa masu arha. A 1846 jama'a suka yi karo-karo suka tara masa fam dubu 13 domin nuna godiya.

A wannan shekarar gwamnati ta sake sauyawa, aka dawo da shi a matsayin sakataren ministan gidan waya. Shekaru takwas shi da Kanar Maberly suna zaman doya da manja a ma'aikata guda, har sai da aka ɗauke Maberly zuwa wata hukuma a 1854, Hill ya gaje kujerarsa.

A zamaninsa ne aka fara aika littattafai da rangwame a 1848, aka shawarci masu gidaje su huda ƙofofinsu domin a riƙa zura wasiƙu, aka kuma raba Landan zuwa gundumomin wasiƙu goma daga 1857. Akwatunan jefa wasiƙa na bakin titi sun fara ne a tsibirin Jersey a 1852, bisa shawarar wani jami'i, Anthony Trollope, wanda ya shahara a rubutun ƙagaggun labarai. A 1861 aka buɗe bankin ajiya na gidan waya domin masu ƙaramin ƙarfi.

Sai dai a matsayin shugaba, Hill mutum ne mai tsauri da ba ya son a ja da shi. Trollope na cikin waɗanda suka yi ta sukarsa da cewa ya san lissafi amma bai san tafiyar da mutane ba. Ya yi rowa wajen ƙarin albashin ƙananan ma'aikata, sannan ya samu saɓani da minista Lord Stanley na Alderley a kan yadda ake ƙarin girma.

Ya yi ritaya a 1864 saboda rashin lafiya. A lokacin wasiƙun da ake aikawa a shekara sun haura miliyan 600. Majalisa ta ba shi kyautar fam dubu 20, aka kuma bar masa cikakken albashinsa na fam dubu biyu a shekara har ƙarshen rayuwarsa.

Wasiƙun ƙetare

Sauyin 1840 ya tsaya ne a cikin gida. Wasiƙar da za ta ƙetare teku ta ci gaba da tsada: zuwa Amurka a jiragen ruwan kamfanin Cunard sule guda ne kowace rabin oza. Kowace ƙasa kuma na da yarjejeniyarta da maƙwabciyarta, kuɗi na bambanta bisa hanyar da wasiƙa ta bi.

A shekarun 1850, lokacin Hill na ma'aikatar, aka fara rage kuɗin zuwa sisi ga ƙasashe da dama da ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya.

A halin da ake ciki wasu ƙasashe sun soma kwaikwayon kan sarki. Brazil da biranen Zurich da Geneva sun fitar da nasu a 1843, Amurka a 1847, Faransa a 1849.

Ranar 9 ga watan Oktoban 1874 ƙasashe 22 suka rattaba hannu a wata yarjejeniya a birnin Bern, bisa jagorancin Heinrich von Stephan na Jamus. Wannan ce ta haifar da Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ta ɗauki aƙidar Hill ta shimfiɗa a tsakanin ƙasashe. Daga 1875, wasiƙa daga Birtaniya zuwa ƙasashen ƙungiyar ta koma kwabo biyu da rabi.

Wani ɗan majalisa, John Henniker Heaton, shi ya ci gaba da fafutukar bayan mutuwar Hill. Ranar 25 ga watan Disambar 1898 aka fara aika wasiƙa a kan kwabo ɗaya tsakanin Birtaniya da yawancin ƙasashen daularta, a 1908 kuma aka haɗa da Amurka.

Isowarsa ƙasar Hausa

Rubuta wasiƙa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Sarakuna da malamai sun daɗe suna musayar takardu da Larabci, a buga hatimi a ba manzo, fatake da alhazai kuma su ɗauki saƙon jama'a. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba baturen nan Hugh Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu.

Abin da ya zo da Turawa shi ne gidan waya na hukuma, wanda kowa zai shiga ya biya ƙayyadadden kuɗi. An buɗe na farko a Legas a 1852, shekarar da jiragen ruwan kamfanin Macgregor Laird suka samu kwangilar ɗaukar wasiƙu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Na Lokoja ya biyo baya a 1899.

A shekarar 1900 aka fitar da kan sarkin farko mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya, da hoton Sarauniya Victoria. Bayan rasuwarta a 1901 sai na Sarki Edward na Bakwai, sannan na George na Biyar. Hausawa suka dubi hoton suka raɗa wa 'yar takardar suna kan sarki, sunan da ya bi ta har bayan da aka daina sa hoton sarakunan Ingila.

Da farko masinjoji ne ke ɗaukar jakunkunan wasiƙu a ka, ko a kan dabbobi da jiragen ruwa. Isowar layin dogo Kano a 1911 ta rage tafiyar makonni zuwa kwanaki, a 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu Kano ta jirgin sama, ta hanyar Khartum.

Ta wannan hanya ce sojojin da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu, da 'yan ci-rani a Kurmi da Gwanja, da ɗalibai a makarantun kwana suka riƙa jin labarin gida. Wanda bai iya rubutu ba ya je wurin malamin da ke rubuta wasiƙa a biya shi. A 1985 aka raba harkar wasiƙu da ta tarho a Najeriya, aka kafa hukumar NIPOST.

Ƙarshen rayuwa

An ba Rowland Hill lambar girma ta Sir a 1860, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1864. Ya mutu a gidansa da ke Hampstead a Landan ranar 27 ga watan Agustan 1879, yana da shekara 83. An binne shi a majami'ar Westminster, inda aka binne sarakuna da manyan mutanen ƙasar da dama.

Bayan mutuwarsa gardama ta kaure a kan wanda ya fara tunanin kan sarkin mannawa. Patrick Chalmers ya shafe shekaru yana iƙirarin cewa mahaifinsa, James Chalmers, mai sayar da littattafai a garin Dundee, shi ne ya riga, yayin da Pearson Hill ke kare nasa mahaifin.

Masana tarihi dai na nuni da cewa tun a 1680 William Dockwra ya gudanar da tsarin kwabo a cikin birnin Landan kaɗai. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, Hill ne ya kawo hujjar lissafi, ya kuma tsaya har aka mayar da ita doka a ƙasa baki ɗaya.

Farashin kwabo ɗaya ya yi shekaru 78 yana aiki, sai a watan Yunin 1918 da nauyin yaƙin duniya na ɗaya ya sa aka mayar da shi ahu. A 1968 aka raba wasiƙu zuwa aji na ɗaya da na biyu bisa saurin kaiwa. A 2013 gwamnati ta fara sayar da hannun jarin kamfanin Royal Mail ga 'yan kasuwa, kuma a watan Afrilun 2025 kan sarkin aji na ɗaya ya kai fam ɗaya da kwabo 70.

Wayar salula da intanet sun rage yawan wasiƙu ƙwarai, lamarin da ya sake tayar da tambayar da aka yi ta muhawara a kanta a 1837, wato wa zai ɗauki nauyin kai saƙo ga mutumin da ke nesa da birni. Duk da haka dokar Birtaniya ta ci gaba da wajabta farashi ɗaya ga wasiƙa zuwa kowane adireshi a ƙasar.

Akwai mutum-mutuminsa a Landan da Birmingham da kuma mahaifarsa Kidderminster. Birtaniya kuwa, kasancewarta wadda ta fara, ita kaɗai ce ƙasar da ba ta rubuta sunanta a jikin kan sarki, hoton kan mai sarauta ne ke tsayawa a madadinsa.